Ƙugiya Da Taru: Gajeren Zance Da Dogon Zance A Harkokin Ƙungiyarmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. Sai dai da muka ga batun da aka zaɓa mana, mun yi murmushi. An ɗauko tsohon hedimasta, wanda ya shekara talatin da biyar yana tsayar da yara a rana wajen taron safe, an ce ya zo ya yi bayani a kan taƙaita magana. Wannan ai ba kura ajiyar nama ne. To, tun da an ba mu, za mu yi ƙoƙari mu mayar da naman da saura.

Dalilin zaɓen batun ba ɓoyayye ba ne ga kowa a nan. Shekarun nan an sami ɗan saɓani tsakanin matasanmu da dattawanmu. Matasa na cewa dattawa sun cika dogon surutu, in an ba su lasifika ba su saki sai an kira salla. Dattawa kuma na cewa yaran yanzu ba su da haƙurin sauraro, layi biyu suke turowa a waya su ce sun gama bayani. Har an kai ga wasu sun daina zuwa taro saboda tsawonsa, wasu kuma sun daina amsa saƙo saboda suna ganin gajartarsa raini ce. Idan ba a gyara ba, ƙungiyar da aka sha wahalar kafawa za ta rabu gida biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mu mutanen bakin ruwa ne, don haka bari mu ɗauki misali daga ruwa. Babu masuncin da zai zauna yana gardama a kan ko ƙugiya ta fi taru. Ya san kifin da yake nema, ya san zurfin ruwan, ya san lokacin shekara, sannan ya ɗauki abin da ya dace. Gajeren zance ƙugiya ne, abu ɗaya yake kamawa, ya kama shi da kyau. Dogon zance taru ne, yana zagaye wuri mai faɗi, amma sai da mutane da lokaci da ƙarfin ja. Abin da za mu duba yau shi ne a wane ruwa ake jefa kowannensu.

INDA GAJEREN ZANCE YA FI

Wuri na farko shi ne gargaɗi. Duk maganar da rai ya rataya a kanta, gajarta ta fi mata. Wanda ya ga wuta ta kama ɗaki ba ya fara da gaisuwa.

Babu wanda ya manta ranar 26 ga watan Mayu na 2021, sa'ad da jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa Wara, ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai 'yan kaɗan ne. Mafi yawan fasinjojin talakawa ne masu neman abin sakawa a baki, mata da yara a cikinsu. Hukumomi sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce ƙima. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Abin da muke so mu lura da shi shi ne, maganar da ke hana irin wannan masifa ba ta kai kalma goma ba: jirgi ya cika, a jira na gaba. Kada a tashi da dare. Kowa ya sa rigar ruwa. Irin waɗannan kalmomi ne ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a kowace tashar jirgi, daga Yelwa zuwa Zamare har Wara, da Hausa da sauran harsunanmu, a kuma sami mai ikon faɗarsu wanda za a ji maganarsa. Lacca ta awa guda a bakin tasha ba za ta sauke mutum ɗaya daga jirgi ba.

Wuri na biyu shi ne neman buƙata a wurin mai aiki da yawa. A nan za mu ba da labarin kanmu. Wata shekara iska ta yaye rufin azuzuwa uku a makarantar da muke shugabanta. Muka zauna dare biyu muka rubuta takardar koke mai shafi tara. Mun fara da tarihin kafa makarantar, muka bi da sunayen manyan mutanen da ta yaye, muka kawo falalar ilimi, sai a shafi na takwas muka ambaci rufi. Wata huɗu shiru. Da muka bi sawu, wani akawu mai kirki ya jawo mu gefe ya ce, “Malam, mai gidan ya karanta shafin farko, ya ɗauka gayyatar biki ce, ya ajiye.” Muka koma muka rubuta shafi ɗaya: azuzuwa uku ba rufi, yara kaza na zaune ƙarƙashin bishiya, ana buƙatar kwano bandir kaza da katako kaza, damina saura mako shida. Muka liƙa hoto. Ba a yi wata ɗaya ba aka turo kafinta. Mun koyar da taƙaitawa a aji shekaru da dama, amma sai ranar nan muka koye ta.

Waɗanda suka riski zamanin tangaraho a gidan waya sun san wannan horo. Kowace kalma da kuɗinta, don haka mutum kan tsaya ya tace maganarsa kafin ya miƙa wa ma'aikaci. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, saƙon rubutu ɗaya bai wuce harafi 160 ba, aka sake komawa makarantar tsimi. Iyakar nan ta koya wa mutane da yawa su fara da abin da ya kawo su.

Akwai misali daga waje da malamanmu na kwalejin horon malamai suka sha ba mu. A ranar 19 ga Nuwamba 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, an taru a Gettysburg don keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a can. Babban mai jawabi, Edward Everett, ya yi kusan awa biyu yana magana. Shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya tashi bayansa ya yi kamar minti biyu, da kalmomin da ba su kai 300 ba. Yau na Lincoln ake haddacewa a makarantu. Amma akwai abin da masu kawo wannan misali kan manta. Everett ya riga ya ba jama'a labarin yaƙin dalla-dalla, rana bayan rana, shi ya sa Lincoln bai buƙaci maimaita shi ba. Da dogon bai share fage ba, da gajeren bai sami wurin tsayawa ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

INDA GAJEREN ZANCE KE CUTARWA

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Gajeren zance ya fi kowane saurin fita, ya fi saurin tafiya, kuma ba ya ɗaukar dalilinsa tare da shi.

Tarihin ƙasarmu ma yana da shaida. A farkon 1806 Baturen nan Mungo Park ya iso Yauri cikin jirginsa, yana bin Kwara don ya ga inda ta faɗa teku. A nan tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi domin yarjejeniyarsu ta ƙare. Bisa ga labarin da Amadi ya bayar bayan wasu shekaru, Park bai je gaban sarki da kansa ba. Ya ba wani mai gari na bakin ruwa kyauta ya kai. Mai garin ya tambaye shi ko zai sake dawowa ta nan, ya amsa da cewa ba zai dawo ba. Jin haka sai mai garin ya riƙe kyautar, ya aika fada cewa Turawa sun wuce ba su ba da komai ba. Aka ɗaure Amadi, aka tura mayaƙa, kuma a duwatsun Busa rayuwar Park ta ƙare. Ruwayar mutum ɗaya ce, don haka muna ɗaukarta da taka-tsantsan. Amma darasin da ke cikinta a fili yake. Gajeriyar amsa ɗaya da gajeren saƙo ɗaya suka yi wannan aiki. Da baƙon ya sauka ya zauna gaban sarki ya yi bayanin kansa, kamar yadda al'ada ta tanada, da babu ɗan aiken da zai iya shiga tsakani. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Yauri suna neman takardun Park, suka yi makonni, ba su sami littafin tafiyarsa ba.

Na kusa da mu kuma shi ne abin da ya faru a watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Da yawa daga cikinmu an tashe mu da asuba da wannan kira, daga bakin waɗanda ke ƙaunarmu. Saƙon gajere ne, shi ya sa ya yi gudu. Bai faɗi wane likita ya ce ba, bai faɗi dalili ba, bai ce mai hawan jini ya kiyaye ba. An ba da rahoton rasa rayuka, wasu kuma aka kwantar da su asibiti. Bayanin gaskiya ya fi shi tsawo, shi ya sa ya iso a makare.

Haka muka gani a watan Yuni na 2021, da aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Ku da ke birane kun san yadda wayoyinku suka cika da guntayen labarai, wannan ya ce an sako su, wancan ya ce ba haka ba ne, kowa da adadinsa. Iyayen da ke cikin tashin hankali su suka sha azabar wannan gaggawa. Wanda ya tura labarin da bai tabbatar ba yana ganin taimako ya yi, alhali ya ƙara wa mai ciwo ciwo.

Akwai kuma cutarwa ta cikin gida. Rubutaccen gajeren saƙo ba shi da murya, ba shi da fuska. Kalmar “to” kaɗai tana iya zama yarda, tana iya zama fushi, tana iya zama gatse. Mun san 'yan uwa biyu a cikin wannan ƙungiya da suka yi wata shida ba su gaisa ba saboda layi ɗaya da ɗayansu ya rubuta yana cikin mota, ɗayan kuma ya karanta yana cikin ɓacin rai. Da aka zaunar da su, minti goma ya isa. Kuma mu ƙasa ce ta harsuna da yawa, Gungawa, Kambari, Shangawa, Dukkawa, Sarkawa, Hausawa, Fulani, Nufawa da sauransu. Wasan da ke tsakanin abokan wasa a kasuwar Yauri, idan aka rubuta shi a guntule aka tura wa wanda bai san asalinsa ba, sai ya koma zagi.

INDA DOGON ZANCE YA ZAMA DOLE

Akwai al'amuran da duk wanda ya gajarta su ya zalunce su. Babbansu a wurinmu shi ne labarin madatsar ruwa ta Kainji.

An fara ginin dam ɗin a 1964, aka tare ruwa a 1968. Tafkin da ya taru ya miƙe fiye da kilomita 130, har ya iso Yelwa. An tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da fadamun da Gungawa ke noman albasa da sauran amfani suka shige ruwa. Muna yara lokacin, amma mun ga iyaye suna kwashe kaya, mun ga tsofaffi suna waiwayen kaburburan kakanninsu. A takarda ana iya taƙaita wannan duka da jimla ɗaya: an sake wa mutane matsuguni, an gina musu sababbin gidaje. Jimlar ba ƙarya ba ce. Sai dai ba ta faɗi yadda gidan siminti yake ga wanda ya saba da ɗakin ƙasa da zai iya faɗaɗawa idan ɗansa ya yi aure ba. Ba ta faɗi bambancin gonar tudu da ƙasar tsibiri da ruwa ke sabuntawa kowace shekara ba. Ba ta faɗi yadda itatuwan da ruwa ya rufe suka zama tarko ga jirage ba. Ba ta kuma faɗi cewa tashar da aka girka don ta ba da megawat 760 ta haskaka birane masu nisa, alhali ƙauyuka da dama na bakin tafkin sun daɗe cikin duhu ba. Waɗannan sai da dogon bayani, da sunayen wurare, da adadi, da shaidu.

Ko halin ruwan kansa ba ya gajartuwa. Masana sun nuna cewa Kwara kan cika sau biyu a wannan yanki. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashen kusa ke kawowa wajen ƙarshen damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali a hankali, ya iso mana cikin hunturu bayan ya tace. Manomin shinkafa da masunci da mai jirgi duk rayuwarsu na bin waɗannan biyun da kuma yadda ake buɗe ƙofofin dam. Wanda zai je ya yi magana da hukuma a madadinmu game da ambaliya, irin ta 2012 da ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, dole ya iya zama ya warware wannan daki-daki. In bai iya ba, za a sallame shi da buhun shinkafa da alkawari.

Mu duba hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC. An sa hannu a dokar kafa ta a 2010, fiye da shekara arba'in bayan tare ruwan Kainji, kuma sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Abin da ya haifar da ita shekaru ne na rubuce-rubuce, da zaman majalisa, da gabatar da hujja a kan hujja daga al'ummomin Kainji, Jebba da Shiroro. Take da kirari ba su kafa hukuma. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma dogon rubutu mai hujja wani nau'in haƙuri ne.

Magabatanmu na wannan yanki sun san wannan rabo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta gajeriyar takarda, Wathiqat Ahl al-Sudan, wadda ta jera abubuwa a taƙaice don ta yi saurin zagayawa. Amma da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar ƙasarsa, ba a amsa masa da layi biyu ba. An yi musayar dogayen wasiƙu, kuma Muhammadu Bello ya adana su cikin Infaq al-Maisur, wanda ya kammala a 1812, har da maganar abokin jayayyarsa. Saboda haka ne bayan fiye da shekara 200 ɗalibi zai iya karanta ɓangarorin biyu ya auna da kansa. Wannan ladabin jayayya ne da ya kamata mu koya: ka ba abokin gardamarka fili ya gama, ka kuma faɗi maganarsa yadda ya faɗe ta kafin ka mayar da martani.

A zamaninmu kuma mun sami Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Ya fara bincikensa da tarihin Yauri a ƙarni na goma sha tara, sannan a 1978 ya fitar da littafinsa The Hausa Factor in West African History. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai an zauna gaban tsofaffi kwana da kwanaki, an bar su sun yi zancensu har ƙarshe. Da ya ce musu su taƙaita, da abin da muka sani game da kanmu ya ragu ƙwarai.

Mun taɓa halartar sulhu a kan iyakar gona tsakanin gidaje biyu da aka tayar daga tsibiri ɗaya. Matasan ɓangarorin biyu sun zo da zafi, kowa na cewa maganar ba ta da tsawo, gonarmu ce. Wani tsoho ya nemi a ba shi dama. Ya fi awa guda yana bayani, tun daga wanda ya fara saran dajin bayan tashi, da wanda ya ara wa wani kadada saboda auratayya, da tsamiyar da aka yi alama da ita. Wasu sun yi ta hamma. Amma kafin ya rufe baki, kowane gida ya gane cewa kakarsu ɗaya, kuma aro ne aka manta. Aka tashi ba a je kotu ba. Tsohon ya rasu bayan shekara biyu, kuma babu wanda ya rubuta abin da ya faɗa.

DOGON DA BA SHI DA KIFI

Kada 'yan uwanmu dattawa su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Akwai tarun da ake ja tun safe har yamma a fito da ciyawa. Tsawon da muke yabo shi ne wanda kowane sashe nasa ke ɗauke da sabon abu. Wanda muke kuka da shi shi ne maimaici.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da tarurrukanmu. An sha kiran taro ƙarfe goma a fara ƙarfe sha biyu. Mutum goma sha biyu su yi jawabi, kowa ya sake jero sunayen manyan baƙi daga farko, kowa ya ce ba shi da abin ƙarawa a kan abin da na gabansa ya faɗa, sannan ya ƙara minti ashirin. Sai an kusa la'asar, mutanen Kaduna da Abuja sun fara duba agogo, a kira ma'aji ya karanta rahoton kuɗi cikin minti biyar, a ce an amince? A ce an amince. Wato abin da ya cancanci gajarta mun tsawaita shi, abin da ya cancanci tsawo kuma mun guntule shi. Daga nan zargi ke tasowa. Ma'aji mai gaskiya ma yana cutuwa, domin ba a ba shi lokacin da zai wanke kansa ba.

Sau da yawa dogon surutu alama ce ta rashin shiri. A kwaleji ba a barin ɗalibin malanta ya shiga aji sai ya rubuta shirin darasi, ya faɗi manufarsa a jimla ɗaya. Wanda ya kasa faɗin manufarsa a jimla ɗaya, mai duba aiki kan ce masa bai san abin da zai koyar ba tukuna. Taƙaitawa ta fi tsawaitawa wuya, domin sai ka mallaki dogon kafin ka iya fitar da gajeren. Wannan ne amsarmu ga matasa kuma: gajartar da ta fito daga ilimi daban take da gajartar da ta fito daga ƙyuya.

SHAWARWARI

Don kada jawabin nan ya zama irin wanda muke suka, ga shawarwari shida da muke roƙon shugabanni su duba.

Na ɗaya, duk saƙon gargaɗi ko sanarwa da za a tura da sunan ƙungiya ya zama gajere, amma ya amsa tambaya huɗu: me ya faru, a ina, yaushe, kuma wa ya tabbatar. Saƙon da ba shi da ta huɗun, kada ɗan ƙungiya ya tura shi gaba.

Na biyu, a wajen taro shugaba kaɗai ya jero gaisuwar manyan baƙi sau ɗaya a madadin kowa. Sauran masu magana a ba su minti biyar-biyar, a naɗa mai riƙe agogo wanda ba ya jin kunyar kowa, har da mu.

Na uku, rahoton kuɗi da na ayyuka a rubuta su cikakku, da rasit da sunan kowane aiki, a raba wa rassa mako biyu kafin taro, a kuma sa su a farkon ajanda. Lokacin da aka tsimi daga gaisuwa a ba tambayoyi a kansu.

Na huɗu, duk takardar koke da za mu kai wa gwamnati ko wata hukuma ta zama hawa biyu. Shafin farko ya faɗi buƙata, da adadi, da wa'adi. Bayansa a liƙa cikakken bayani da hotuna da sa hannun masu gari, komai yawan shafukansa. Mai gida zai karanta na farko, ma'aikatansa su yi aiki da na biyu.

Na biyar, duk saɓanin da ya taso tsakanin 'yan ƙungiya kada a yi shi ta rubutaccen saƙo. Idan an yi musayar magana sau biyu ba a fahimci juna ba, a ajiye rubutu a kira waya, in ta kama a haɗu ido da ido gaban dattijo.

Na shida, kuma shi ya fi damunmu. Waɗanda suka ga tashin 1968 da hankalinsu yanzu sun haura saba'in, kuma kowace shekara muna binne wasu. Muna roƙon matasanmu, musamman ɗaliban jami'a, duk wanda ya zo hutu ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a Yauri, Ngaski ko Shanga, ya kunna wayarsa ya naɗi muryarsu. Ya tambayi sunan tsohon garinsu, da inda kasuwa take, da abin da ake nomawa, da abin da aka yi musu alkawari. Kada ya katse su, kada ya duba agogo. Ƙungiya ta tattara waɗannan ta adana, a riƙa buga wasu a wannan mujalla. Ranar da jikokinmu za su zauna da hukuma a kan ƙasa ko diyya ko ruwa, wannan ce hujjar da za su riƙe.

KAMMALAWA

Ya ku 'ya'yanmu da ke birane, kun fi mu sanin darajar lokaci, kuma kun yi gaskiya da kuka ce a daina ɓata shi. Amma idan mahaifinka ya kira ka daga gida ya fara da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce masa ya je kan magana. A wurinsa gaisuwar tana cikin maganar. Ya ku 'yan uwanmu dattawa, yaron da ya turo layi biyu ba lalle ne raini ya yi ba, wataƙila a bakin aiki yake, kuma tunawar da ya yi da mu abin godiya ce. Mu rage maimaici domin a sami sararin jin abin da mu kaɗai muka sani.

Muna ganin mai riƙe agogo ya fara gyara zama, don haka za mu naɗe tarunmu a nan. Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure ko muka taka wani, a yafe mana. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare matafiyanmu a ruwa da tudu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.